Wuƙar shiga daji: wacce ce ke ɗaukar wahala ba ta karye ba?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum. Manyanmu, ina neman shawara kan wuƙar kube, ba mai naɗewa ba, wadda mutum zai shiga daji da ita ya kwana biyu ko uku. Aikinta yanka igiya, fiƙe turke, gyaran kifi, yanka zabo, fiɗar ƙaramar dabba, da faskara ɗan itacen hura wuta. A kasuwa ga doguwa mai zarto a bayanta, ga gajera ta waje mai kuben roba, ga kuma ta maƙeranmu. Me ake dubawa kafin a miƙa kuɗi?

Maharbi: Wa alaikumus salam. Fara da tsawo, don a nan yawanci ake yin asara. Ruwan wuƙar ya kasance tsakanin santimita 10 da 13, kauri kuma milimita 3 zuwa 4 a gadon bayanta. Kusan duk abin da ka lissafa aiki ne na kusa da hannu, kuma da zarar ruwa ya kai santimita 18 ko 20 tsinin ya yi nisa da yatsunka, ba ka da iko da shi. Wajen fiɗa zai huda tumbi, wajen fiƙa zai gajiyar da wuyan hannu. Doguwar kuma ba ta kai ta yi sara kamar adda ba, saboda ba ta da nauyi a gaba. Ka ga ta rasa nan, ta rasa can. Idan akwai sara a tafiyarka, ka haɗa da adda ko ɗan gatari, ka bar wuƙa ta yi aikin wuƙa.

Mai zarto a baya kuwa ka ajiye ta inda ka gan ta. Haƙoran ba a bauɗe su hagu da dama kamar na zarton kafinta ba, don haka suna cijewa cikin ice tun ba a yi nisa ba. Sun kuma hana ka ɗora babban yatsa a bayan wuƙar, sun hana ka buga ta da sanda.

Injiniya: Na goyi bayan Malam Maharbi, sai dai kafin tsawo ni ƙota nake fara juyawa. Wuƙa ba kasafai take karyewa a tsakiyar ruwa ba, a mahaɗar ruwa da ƙota take karyewa. Iri uku za ka gani. Akwai wadda ƙarfen ya zarce har ƙarshen ƙota da faɗinsa, aka manna masa ice ko roba gefe da gefe aka ɗaure da ƙusa biyu ko uku, kana ganin layin ƙarfen zagaye da ƙotar. Akwai wadda ƙarfen ya sirance ya zama wutsiya, ta ratsa cikin ƙota ta fito ta ƙarshe aka daddaƙe ta a kan washa. Akwai kuma wadda wutsiyar ta shiga kaɗan ta tsaya. Ta farko ta fi kowacce jure duka da banƙara. Ta uku, idan wutsiyar ba ta kai rabin ƙota ba, ba ta daji ba ce.

Sai masu ƙota mai rami, waɗanda ake zuba ashana da ƙugiya a ciki. A masu arahar, ɗan guntun ƙusa ne ko walda ke riƙe da ruwan gaba ɗaya, tsawonsa bai wuce santimita 2 ko 3 ba. Bugu ɗaya mai ƙarfi ruwan ya rabu da ƙota.

Ɗan Koyo: Ke nan duk wadda ƙarfenta bai fito gefe da gefe ba a guje ta?

Injiniya: A'a, ba haka ba ne. Duba Mora Companion ta ƙasar Suwidin: ruwanta milimita 104, wutsiyarta ɓoye take cikin roba, ba ta ma kai ƙarshen ƙotar ba, kusan kashi uku cikin huɗu ta ci. Amma robar zuba ta aka yi a kan ƙarfen tana narke, babu wani sarari da zai ba shi damar motsi, shi ya sa take ɗaukar aikin da ya fi kuɗinta. Kamfanin da kansa ya fitar da Garberg a 2016 mai ƙarfe har ƙarshe, kaurin milimita 3.2, don masu son duka. Abin da za ka lura da shi a mai siririyar wutsiya shi ne kafaɗa, wato inda faɗin ruwa ya koma siriri. Idan an yanke wurin da kusurwa mai kaifi, duk ƙarfin bugu a wannan lungun yake taruwa, tsaga ta fara daga nan. Idan an zagaye lungun, ƙarfin ya bazu. Ka-Bar ta sojojin ruwan Amurka, wadda suka ɗauka a 1942, ruwanta inci 7 ne, wutsiyarta siririya ce cikin faifan fata da aka jera, kuma a mahaɗar nan take lanƙwashewa idan aka matsa mata da faskare. Ba don wannan aikin aka tsara ta ba.

Baba Maƙeri: Barkanku da warhaka. Injiniya, ka yi magana mai kyau kan kafaɗa, bari in ƙara ta ɓangaren maƙera. Yadda aka saba sa ƙota a gargajiyance shi ne a gasa wutsiyar ta yi ja a cusa cikin ice ta ƙona wa kanta hanya. Yana da sauri, amma cikin ramin gawayi ya zama, kuma gawayi ba ya riƙo. Bayan wata biyu, musamman in hunturu ya busa icen ya tsotse, sai ka ji ruwan yana kaɗawa. Wanda zai ba da aikin wuƙar daji ya gaya wa maƙeri abu huɗu. A huda ƙotar da abin huji, a gyara ramin da magagari har wutsiya ta shiga da ƙyar. A sa zobe na ƙarfe ko tagulla a bakin ƙotar, guntun bututu ma ya isa, don kada icen ya tsage. Wutsiyar ta fito ta baya a daddaƙe ta a kan washa. Sannan a cika ramin da gam mai haɗi biyu irin Araldite, ba don ƙarfi kaɗai ba, don ya hana jini da ruwa shiga su ci ƙarfen a ɓoye.

Icen ƙota: ƙirya, marke, kanya ko aduwa, wanda ya bushe sosai a inuwa. Ɗanyen ice ko na katakon kwali ba ya zama ƙota.

Amma ni a wurina duk wannan na biyu ne. Na farko shi ne yadda ƙarfen ya sha wuta. Wuƙa biyu daga sifirin ɗin mota guda, ɗaya ta yi shekara goma, ɗaya ta dakushe a rana, bambancin a wuta yake.

Maharbi: Baba, Allah ya ƙara girma, a buɗe mana wannan. Mutane da yawa suna jin an ce sifirin ne sai su biya, ba su san akwai sauran magana ba.

Baba Maƙeri: To. Sifirin ƙarfe ne mai kyau don an yi shi ya lanƙwasa ya dawo. Amma tsoho ne, ya yi shekaru yana ɗaukar kaya, wani yana da tsaga siririya da ido ba ya gani sai an goge. A guji wajen ramin tsakiya da inda tsatsa ta ci ta yi rami. Rodin gini kuwa kada ma a fara, ba ya ɗaukar tauri yadda ake so. Tsohon magagari yana ba da kaifi sosai amma yana da saurin karyewa in ba a sassauta shi da kyau ba, ya fi dacewa da ƙaramar wuƙa.

Bayan an gama ƙira, a gasa ruwan ya yi ja a bar shi ya huce a iska, sau uku. Wannan yana kwantar da ƙarfen daga wahalar masaba. A bar bakin da kaurin kamar milimita 1, kada a wasa shi tukuna, in ba haka ba zai murɗe ko ya tsage. Sai a mayar wuta, gawayin ƙirya ya fi, a inuwa ko da magariba don a ga launi da kyau. A riƙa taɓa maganaɗisu. In ya daina kamawa, a ƙara ɗan zafi kaɗan, jan ya zama ɗaya daga tsini har kafaɗa, a tsoma cikin mai a miƙe, tsini ko baki ya fara shiga. A motsa gaba da baya, ba gefe da gefe ba, don gefe da gefe ke sa wuƙa ta karkace. Man gyaɗa ko wani man girki da aka ɗan ɗumama ya yi. Tsomawa a ruwa maimakon mai yana fasa sifirin, wani lokaci har ka ji ƙarar tsagewar.

Daga nan a gwada da magagari: in ya zame bai ci ba, ta taurara. Amma a wannan halin in ta faɗi a kan dutse za ta iya karyewa. Dole a sassauta. A goge ta yi fari, a ɗora gadon bayanta a kan ƙarfe mai zafi, a zuba ido launi yana tafiya daga baya zuwa baki. In bakin ya yi launin busasshen kara, a tsoma a tsayar. Baya ya yi shuɗi ba laifi, ma ya fi, don zai yi danƙo. Amma in shuɗin ya kai baki, ta yi laushi, sai an sake daga farko. Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda masu sauri ke tsallakewa.

Injiniya: In sa wa maganar Baba lamba. Maganaɗisu yana daina kama ƙarfe a wajen digiri 770 na ma'aunin Salsiyas, tsomawa kuma ana yi a wajen 800 zuwa 830, shi ya sa ya ce a ƙara kaɗan. Man a ɗumama shi zuwa kamar digiri 50, don mai ɗumi ya fi tsinkewa, ya fi saurin ɗauke zafi. Wanda ke da obin na girki, ya sa wuƙar a digiri 200 na awa 2, ta huce, ya maimaita. Ya fi launi tabbas.

Ga masu sayen ta kamfani, taurin ana rubuta shi da ma'aunin da ake kira HRC, yawan lamba yawan tauri. Ta daji ta faɗa tsakanin 56 da 60. Ƙasa da 55 bakin yana naɗewa, sama da 61 a ƙarfe na yau da kullum yana yin giɓi in ya haɗu da ƙashi ko ƙulli.

Ɗan Koyo: Lambobin da ake bugawa a jikin ruwan fa? Ina ganin 1095, 440, D2. Kuma mai tsatsa ko marar tsatsa, wacce ta fi?

Injiniya: 1095 ƙarfe ne mai kabon kusan kashi 0.95 cikin ɗari, ba shi da abin hana tsatsa. Yana kaifi, yana da sauƙin washi. 1075 kabon ɗinsa ya ragu, ya fi danƙo, shi ya sa ake adda da shi. 5160 shi ne wanda aka fi sani a sifirin, kabon wajen 0.6 da ɗan kuromiyom ƙasa da kashi 1, ya fi su duka jure duka. Kafin a kira ƙarfe marar tsatsa sai kuromiyom ɗinsa ya kai aƙalla kashi 10.5. A cikinsu 12C27 da 14C28N na Suwidin, da 420HC, suna da danƙo kuma dutse na yau da kullum yana cin su. D2 yana riƙe kaifi ya daɗe, amma washinsa a daji wahala ne in ba ka da dutsen daimon, kuma ya fi saurin giɓi. In ka ga an rubuta 440 kawai babu harafi a gaba, ko an rubuta marar tsatsa ba lamba, ka ɗauka mafi arahar ne.

Zaɓina ga mai shiga fadama, bakin kogi, ko daji da damina: 14C28N ko 12C27.

Maharbi: A nan zan saɓa maka, Injiniya. Tsatsa ba ta kai yadda ake tsoronta ba, musamman a arewa inda fiye da rabin shekara iska a bushe take. Wuƙar da ake aiki da ita kullum ba ta tsatsa, wadda aka ajiye cikin jiƙaƙƙen kube ce ke yi. Mai kabon tana da abu biyu da marar tsatsa ba ta da su. Kowane dutse mai laushi a bakin rafi zai tayar mata da kaifi. Sannan gadon bayanta in ya taurara yana ba da tartsatsi a kan dutsen ƙanƙara kamar ƙyastu, ka tara a audugar rimi ko ƙonannen tsumma ka sami wuta. Marar tsatsa ba ta yin haka da dutse.

Injiniya: Gaskiya ne game da ƙanƙara. Amma sandar ƙyasta wuta ta zamani ba ruwanta da irin ƙarfe, ita ce ke ƙonewa, abin da take so kawai gefe mai kusurwa da zai kankare ta. Don haka ka duba gadon bayan wuƙar: in a zagaye yake, ka bi shi da magagari ya zama murabba'i, tsawon santimita 3 kusa da ƙota ya wadatar. Kuma kada a kankari sandar da kaifin wuƙa, yana cinye baki nan take. Sannan ka lura, in Baba ya sassauta bayan wuƙa har ya yi shuɗi, tartsatsin da kake nema a ƙanƙara zai ragu. Ba a samun duka biyun a cike.

Ɗan Fawa: Sallama gare ku. Kuna ta maganar ƙarfi, ku bar ni in yi maganar yanka, tunda wuƙa dai don yanka aka yi ta. Akwai wuƙaƙen waje masu kaurin milimita 6, kamar Becker BK2, nauyinta ya kusa rabin kilo. Ba za ta karye ba, amma sa ta a rogo ko doya ka gani: ba yanka take ba, fasawa take. Abin dubawa shi ne kaurin ƙarfen dab da kaifi. Ka kama ruwan da yatsa biyu daga baya ka zamo a hankali zuwa baki. In ka ji ya sirance sannu a hankali, za ta ratsa nama. In ka ji kauri har kusa da baki sannan ya yanke kwatsam, za ka sha wahala komai washi.

Siffar goshi ma da magana. Ka nemi wadda bayanta ya ɗan sunkuyo zuwa tsini, bakin kuma yana da ciki mai lanƙwasa. Da cikin ake fiɗa, ba da tsini ba. Wajen buɗe cikin dabba, ka juya kaifi sama, ka sa yatsa biyu ƙarƙashin fata suna tura hanji ƙasa, tsinin yana tafiya tsakaninsu. Mai dogon tsini siriri tana huda tumbi ta ɓata nama, kuma tsinin ne ke fara karyewa. Mai baki biyu kuwa ba ta da amfani a wannan aiki ko kaɗan, ba inda za ka dafa.

Ƙashi ba a sara shi da wuƙar kube. A bi gaɓa, a yanke jijiya, a murɗa, zai rabu.

Sai ƙota. Hannu mai jini da kitse santsi gare shi. Ƙota mai sheƙi da aka shafa wa fenti, ko ta ƙarfe zalla, tana zamewa yatsa ya hau kaifi. Tsawonta ya kai santimita 11 ko 12, ta cika tafin hannu, kada ta zama zagayayya sosai don kada ta juya, kuma a sami ɗan tudu a gaba da zai tare yatsa.

Ɗan Koyo: Maigida, santimita 12 zai isa yanka akuya ko rago?

Ɗan Fawa: Zabo, kaza, zomo, ƙaramar akuya, ya isa in tana da kaifi. Babban rago ko sa a nemo wuƙar yanka mai tsawo, wadda za ta wuce faɗin wuya a ja ɗaya ko biyu. Addini ya umarce mu mu wasa wuƙa mu hutar da abin yanka, don haka wuƙar da aka gama faskare da ita ba a kai ta wuyan dabba sai an sake bi ta kan dutse.

Ga washi a taƙaice. Dutse biyu, mai kaushi lamba 400 da mai laushi lamba 1000, ko samfefa mai waɗannan lambobi a manne a kan katako mai santsi. Kusurwa wajen digiri 20 kowane gefe: tsayar da wuƙa a miƙe, karkata rabi, sake karkata rabin wannan, ka zo kusa. Ka yi ta wasa gefe ɗaya har ka ji ɗan leɓen ƙarfe ya tashi a ɗaya gefen, tun daga gindi har tsini. Sannan ka juya. In ba ka jira leɓen nan ba, gefen biyu ba su haɗu ba, kana goge ƙarfe ne kawai. Ka koma dutse mai laushi da hannu sakwa-sakwa, ka ƙare a kan fata kana ja baya-baya har leɓen ya fita. Kada ka ba masu injin washi na kasuwa sai in suna tsomawa a ruwa a kai a kai. Da ka ga bakin ya yi shuɗi ko ruwan ƙasa, wutar injin ta kashe taurin wurin.

Injiniya: Ƙari ɗaya: irin su Mora ba a ɗaga su digiri 20. Suna da faffaɗan gefe guda da ya gangaro har baki, shi ake kwantarwa a kan dutse gaba ɗaya. Wannan yanayin ya fi kowanne cin ice, amma bakin siriri ne, yana giɓi a ƙashi. Fällkniven F1, wadda sojojin saman Suwidin suka ɗauka a 1995, gefenta a kumbure yake kamar na gatari, ruwa milimita 97, kauri 4.5. Ya fi ƙarfi, amma washinsa sai a kan abu mai ɗan laushi, samfefa a kan fata. Mai gefe mai rami kuwa, irin na Buck 119, nama take so, tana cijewa a ice.

Baduku: Ranku ya daɗe, an bar kube a baya, alhali shi ke sa a ji ciwo ko a yar da wuƙa. In na fata ne, a yi shi da fatar shanu mai kaurin milimita 3 zuwa 4, jimar bagaruwa. Jar fatar akuya ta yi ado a sama amma ba ta tare tsini. Fatar da aka jeme da sinadarin kamfani, wadda in ka yanka za ka ga cikinta toka-toka mai shuɗi, tana cin ƙarfe in ya daɗe a ciki.

Abin da ya fi muhimmanci: a sa tsiri na uku tsakanin fata biyu a gefen da kaifi ke kwanciya, faɗin kamar santimita 1, ɗinki ya ratsa ukun. In babu shi kaifi zai yanke zaren daga ciki, wata rana wuƙa ta fito ta gefe ta sami cinya. A bar ƙaramin rami a ƙasa don ruwa ya fita. A jiƙa fatar, a naɗe wuƙar da leda, a cusa, a matsa da yatsa ta ɗauki siffar ƙota, a bar ta ta bushe a inuwa. Kuben ya haɗiye aƙalla rabin ƙota. Gwaji: kifa shi ka girgiza a hankali a kan tabarma. In ta faɗo, bai yi ba. In akwai maɗauri, a sa shi ta yadda kaifi ba zai bi ta kansa ba wajen zarewa.

Kada a cika wa kube man kaɗanya, yana sa shi laushi ya saki. Kakin zuma da aka narkar ya fi. Kuma in an dawo gida a zare wuƙar a ajiye daban, don jimar bagaruwa ma in ta sha danshi tana baƙanta ƙarfe.

Maharbi: Kan faskare da aka ambata, ga yadda ake yi ba a karya wuƙa ba. Icen kada kaurinsa ya wuce tsawon ruwan, a bar aƙalla santimita 3 na goshi a waje. A ɗora shi a kan wani ice, ba a kan dutse ko ƙasa ba. A buga da sanda, ba dutse ko ƙarfe ba, a kan goshin da ya fito, hannu ɗaya yana danne ƙota ta tsaya daidai. In ƙota ta yi sama ko ƙasa, duk nauyin a kafaɗa yake sauka. A kauce wa ƙulli. In ta cije kada a murɗa ta gefe, a fiƙe wani ice a buga a tsagar ya buɗe. Busasshiyar ƙirya ko marke mai kauri ba na wuƙa ba ne. Kuma a dajinmu da rani ƙirare sun wadata, da damina ne kawai ake buƙatar tsaga don a kai ga busasshen ciki. Haƙa rami ma a fiƙe sanda a yi da ita, yashi yana cinye kaifi fiye da komai.

Ma'aikaciyar Jinya: Malamai, ku ba ni wuri kaɗan. Kada a zauna a yi fiƙa a tsakanin cinyoyi. Babbar jijiyar jini tana bi ta cikin cinya, in ta yanke mutum na iya rasa ransa cikin mintuna kaɗan, ga shi asibiti da nisa. A ɗora gwiwar hannu a kan gwiwa ta yadda aikin zai wuce gaba, ko a yi a gefen jiki. In an yanke, a danne da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi minti 10 ba a ɗagawa a leƙa, in ya jiƙe a ƙara wani a kai. Kada a zuba ƙasa, toka ko baƙin mai. A tabbatar an yi allurar tetanus. Sannan don Allah kada a tsaga wurin saran maciji da wuƙa, ba ya fitar da dafi, sai ƙarin zubar jini da ruɓewa. A hana gaɓar motsi a nufi asibiti.

Ɗan Koyo: Allah ya saka da alheri. To a gaban mai kaya, da wuƙa a hannuna, me zan iya gwadawa a nan take?

Baba Maƙeri: Ɗana, rufe ido ɗaya ka hango ta daga ƙota zuwa tsini, ka ga ko ta miƙe. Juya kaifi sama a rana: duk inda ya ƙyalla, wurin a dakushe yake ko ya naɗe. Kama ruwan da tsumma ka murɗa ƙota, ko motsi kaɗan ka ji, ajiye. Duba mahaɗa ko akwai rata da jini zai shiga. In mai kaya ya yarda, ja ƙaramin magagari kusa da baki: in ya ci da sauƙi kamar ƙusa, ba ta sha wuta ba. Sai ka fere busasshen ice mai tauri kamar sau ashirin, ka gwada a takarda. In har yanzu tana yanka, ka duba bakin da farce ba giɓi ba naɗi, ka saya.

Injiniya: A kula da jabu kuma. Sunayen da aka ambata a nan duk ana kwaikwayonsu. Alamu: rubutun jiki ya yi dishi-dishi ko an yi kuskuren harafi, gefen biyu ba su daidaita ba, kuɗin ya faɗi ƙasa warwas. Masu zanen ruwa-ruwa a jiki masu araha ma a yi hattara, sau da yawa ba a san ƙarfen da aka haɗa ba, kuma layukan na iya rabuwa. Ta maƙerin da ka sani, wanda za ka koma wa in ta ba da matsala, ta fi jabun babban suna.

Maharbi: Sannan a cikin gari, tasha da kasuwa, wuƙar ta zauna cikin jaka a naɗe tare da kayan daji, ba a ƙugu ba. Da halin da ake ciki na daba da ƙwacen waya, jami'an tsaro ba za su tsaya dogon bayani ba. A jirgin sama sai cikin kayan da ake aunawa. Gandun da gwamnati ta keɓe kamar Yankari an hana farauta a ciki, a tambayi ma'aikata a ƙofa kafin a shiga da kowane makami.

Ɗan Koyo: Tambaya ta ƙarshe: wane mai zan shafa wa mai kabon, tunda da ita zan yanka abinci?

Baduku: Basilin marar ƙamshi, ko kakin zuma, shafa kaɗan bayan an wanke an goge ta bushe ƙayau. Man gyaɗa ya yi na kwana biyu a tafiya, amma in ya daɗe yana danƙo yana wari. Baƙin mai ko man inji kada ya taɓa wuƙar abinci.

Baba Maƙeri: Kuma in sabuwa ce, wanke ta da sabulu, ka naɗe ruwan da tsumman da aka jiƙa da ruwan lemon tsami ko tsamiya na kamar rabin awa, ka wanke, ka busar, ka shafa mai. Za ta yi toka-toka ko baƙi-baƙi. Wannan launin ba tsatsa ba ne, yana rage wa jar tsatsa wurin kamawa, kada ka kankare shi. Bayan haka ka sake bin bakin a kan fata, don tsamin yana ɗan taɓa kaifi.